Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Bayani a Kan Warin Ƙasa Cikin Ruwan Sha

Kusan kowace shekara, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, akan kawo wa hakimai kuka iri ɗaya daga garuruwan da ke shan ruwan tafki ko na dam. Mutane su ce ruwa ya ɓaci, yana warin taɓo, ko kuwa irin warin ɗakin da rima ta kama. Mai shayi ya ce masu saye sun gudu, masunta su ce kifin da suka kamo in an ci sai ka ce an tauna laka. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne sau da yawa ruwan garau yake, ba a ganin kome a cikinsa. Daga nan sai zance ya yaɗu. Wasu su ce mushe ne ya faɗa, wasu su ce wani mugu ya zuba guba, wasu kuma su ɗora wa ma'aikatan ruwa laifi. Kafin a ankara mata sun bar famfo, sun koma ɗiba a kududdufi da gulbi, inda ciwon amai da gudawa da tsargiya ke jiran 'ya'yansu.

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, don su san asalin wannan wari, su kuma sami abin da za su faɗa wa talakawa in an kawo kuka. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, warin nan ma da dalilinsa, masana kuwa sun gano shi. Wasu ƙananan halittu ne ke yin sa cikin jikinsu su ajiye, yawan abin da suke yi kuma yana tafiya da hasken da suke samu da saurin girmansu. Galibi sai sun tsufa, ko an kashe su, yake fita da yawa. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ruwa garau mai wari ba, ba kuwa zai yarda a yi gaggawar zuba magani a tafki ba.

MAI YIN WARIN

Kowa ya san gansakuka, koren abin nan da ke rufe ruwan da ya daɗe a kwance. Amma abin da ake kira gansakuka ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda take kamar zare ko gashi, wadda in an sa sanda akan ɗago ta. Wannan dangin tsirrai ce. Akwai kuma wadda take kamar an kwaɓa koren fenti cikin ruwa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi a gefen da ya bushe. Wannan ta biyu bakteriya ce, watau dangin halittun nan masu ƙanƙanta waɗanda ba a ganin ƙwaya ɗaya tasu sai da madubin likita. Masana suna kiranta sayanobakteriya, farkon sunan kuwa daga kalmar shuɗi ne a harshen Girka. Cikin wannan takarda za a kira ta shuɗiyar gansakuka.

Abin da ya raba ta da yawancin bakteriya shi ne tana haɗa abincinta da hasken rana, kamar yadda ganyen dawa ke yi. Tana da koren sinadarin ganye wanda ake kira kulorofil. Ban da shi tana da wani launi shuɗi, wasu irin har da ja, waɗanda ke taimakonta ta kama haske ko da ya yi rauni ƙwarai. Saboda haka takan rayu a zurfin da sauran tsirrai ba su jin daɗi.

Irinta suna da yawa, kowane da wurin zamansa. Akwai Anabina, mai yawo kusa da saman ruwa. Akwai Osilatoriya da Fomidiyum, waɗanda sukan shimfiɗu a ƙasan ruwa kamar tabarma, bisa laka da duwatsu da bangon kwata. Akwai kuma masu rataya tsaka-tsaki, ba sama ba ƙasa. Cikin waɗannan duka akwai masu yin wari. Wata kuwa mai suna Maikirosistis, wadda ta fi kowace rufe saman ruwa da kore, galibi ba ta yin irin wannan wari na ƙasa. Ke nan yawan kore a sama ba shi ne ma'aunin wari ba.

Kada kuma a ɗauka duk dangin nan miyagu ne. A ƙasar Kanem ta Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani irinta daga tafkunan kanwa, su shanya bisa rairayi ya bushe, su yi miya da shi. Suna kiransa dihe, shi ne kuma ake sayarwa a ƙasashen duniya da sunan sifirulina.

ABIN DA HANCI KE JI

Sinadari biyu ne ke kawo warin nan. Na farko sunansa jiyosmin, watau ƙanshin ƙasa a harshen Girka. Masana biyu na Jami'ar Rutgers a Amurka, Nancy Gerber da Hubert Lechevalier, su suka ware shi suka sa masa suna a 1965. Daga wata bakteriyar ƙasa suka same shi, gama shi ne ƙanshin da ake ji in ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa. A 1967 aka tabbatar shuɗiyar gansakuka ma tana yin sa. Na biyu sunansa metil-aisoboniyol, a taƙaice MIB, an gane shi a 1969. Warinsa ya fi kama da na funfuna, ko tufar da aka naɗe da danshi.

Hancin ɗan Adam yana da kaifi ƙwarai game da su. Yawancin mutane sukan ji su in sun kai kamar nanogiram 10 cikin lita guda, wasu ma tun ba su kai haka ba. Don a gane ƙanƙantar wannan awo, giram 1 na jiyosmin, watau nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu, ya isa ya sa wari cikin lita miliyan 100. Wannan ruwa zai cika durom 500,000 masu cin lita 200. Shi ya sa ruwa kan yi wari alhali ido bai ga kome ba.

Abin bai tsaya a ƙasashen zafi ba. A Japan, mutanen Kyoto da Osaka masu shan ruwan tafkin Biwa sun fara kuka da wannan wari tun 1969. A kudancin Amurka kuwa masu kiwon tarwaɗa sukan yi hasara saboda shi, don kamfanoni ba su sayen kifi sai an ɗanɗana an ji ba laka. A Arewa, tun da aka gina manyan madatsun ruwa, kamar Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978 da Challawa a 1992, ga kuma ƙananan dam-dam na ƙasa a gundumomi, jama'a da yawa sun koma shan ruwan da ke kwance wata da watanni. Irin wannan ruwa shi shuɗiyar gansakuka ke so.

YADDA HASKE KE JUYA AL'AMARIN

Don a gane dangantakar haske da wari sai a dubi aikin magini. Magini yakan buga tubali iri ɗaya, da shi zai yi katanga, da shi zai yi rumbu ko murhu. Haka ƙwayar gansakuka take. Tana ƙera wani ƙaramin tubali mai ƙwayar kabon 5, kabon kuwa shi ne asalin gawayi, shi ne kuma ginshiƙin jikin duk wani mai rai. In ta haɗa tubali 2 ta ƙara kabon 1, sai a sami MIB mai kabon 11. In ta haɗa 3 ta gutsure kabon 3, sai a sami jiyosmin mai 12. In ta haɗa 4 sai ta sami wutsiyar kulorofil, wadda ke liƙa shi a mazauninsa. In ta haɗa 8 kuwa sai a sami wani launi rawaya, irin na karas, wanda ke tsare ta daga ƙunar rana. Ashe kayan wari da kayan kama haske daga rami ɗaya ake ɗebo ƙasarsu.

To, in haske ya yi ƙaranci, ƙwayar takan ƙara yin kulorofil don ta kama ɗan abin da ya iso gare ta, kamar mai tarar ruwan sama da ke ƙara fito da kwanoni in yayyafi ake yi. Aikin buga tubali sai ya ƙaru. Amma girmanta da rabuwarta ba su sauri, gama abinci kaɗan ne. Cikin gwaje-gwaje da yawa da aka yi da kwalabe, an ga a irin wannan hali kowace ƙwaya takan tara jiyosmin ko MIB fiye da yadda take yi cikin haske mai ƙarfi. Wasu masana sun fassara wannan da cewa in gini ba ya sauri, tubalin da ya yi saura shi ake juyawa ya zama kayan wari. Bayan da aka gano sassan gado da ke ba da umurnin ƙera su, na jiyosmin a 2008, na MIB a 2011, an ga a wani irin gansakuka raunin haske yana tayar da wannan umurni, haske mai tsanani kuma yana danne shi.

In haske ya daidaita, ruwa ya yi ɗumi, labari ya sake. Ƙwayoyi sukan rabu da sauri, tubali ya tafi wajen gina sababbin jikuna, abin da kowace ke ajiyewa ya ragu. Amma fa yawansu ya ƙaru ninki ba ninki. Gari mai mutum dubu, kowa da mudu ɗaya, ya fi ƙauye mai mutum goma kowa da mudu biyar yawan hatsi. Saboda haka jimlar kayan wari cikin tafki takan fi yawa sa'ad da gansakuka ta yi yawa, ko da shi ke rabon kowace ƙwaya ya ragu.

In kuwa haske ya yi tsanani, kamar yadda yake a saman ruwa da tsakar rana cikin bazara, sai ya zama cuta gare ta. Launinta ya koɗe, jikinta ya yi rauni, abin da ke ciki ya fara yoyo. Ba kowane iri ne ke bin wannan tsari daidai ba, akwai waɗanda warinsu kan ƙaru tare da haske. Amma cikin masu ɓata ruwan sha, da yawa masu son inuwa ne, suna zaune a zurfin da haske ya yi laushi, inda mai tsayawa a bakin ruwa ba ya ganinsu.

Wannan shi ne bayanin ruwa garau mai wari. Da damina ruwan dam ja ne, laka ta tare haske, bai kai ƙasa ba. Da kaka ta wuce laka ta kwanta, ruwa ya washe. Da rani kuma ruwa ya ja baya, wuraren da dā suke da zurfi su zama ba zurfi. Sai haske ya fara taɓa ƙasan ruwa, ba mai yawa ba, daidai yadda masu shimfiɗa tabarma ke so. Su yi ta yaɗuwa a can ƙasa suna tara wari, sama kuwa fes. Wani lokaci kumfar iskar da suke fitarwa takan ɓamɓaro tabarmar, a ga baƙaƙen dunƙule ko masu ruwan ƙasa suna yawo kamar kashin shanu. Duk wanda ya ga wannan ya ga mai laifin.

Masu yawo a sama kuma suna da wata dabara. Cikin jikinsu akwai 'yan jakunkunan iska da ke sa su taso. Da rana su haɗa abinci su yi nauyi su nutse, da dare su cinye shi su yi sauƙi su taso. Don haka tafki kan yi kore shar da sassafe in ba iska, da la'asar kuwa a ga kamar ba kome. Iska kuma takan tura su gefe guda. Wanda aka aika ya duba da yamma, ko ya tsaya a gefen da iska ke fitowa, zai komo ya ce lafiya lau, alhali ba haka ba ne.

GIRMA DA TSUFA DA MUTUWA

Ban da haske, abu uku ke sa gansakuka ta yi yawa: ɗumi, da kwanciyar ruwa, da taki. Yawancin irinta sun fi jin daɗi in zafin ruwa ya haura digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Takin kuwa shi ne dai wanda ke sa gona ta yi kyau, watau naitirojin da fosfaras. Suna shiga ruwa daga kashin dabbobi, da bayan gida, da ruwan kwata, da jinin mahauta, da takin zamani wanda ruwan sama ya wanko daga gonaki. Wasu irin, kamar Anabina, suna iya ɗibar naitirojin daga iska, saboda haka fosfaras shi ne abin da ya fi wajaba a tsare.

Rayuwarta cikin tafki mataki huɗu ce. Da fari tana nan kaɗan, ba mai lura da ita. Sa'an nan ta shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. In tana ninkawa kowane kwana 2, cikin kwana 20 ƙwaya ɗaya ta haura 1,000. Daga nan sai ta tsaya, don taki ya ƙare ko kuwa na sama sun yi wa na ƙasa inuwa. A ƙarshe ta mutu ta ruɓe.

Muddin tana da ƙuruciya da lafiya, yawancin jiyosmin yana ƙulle cikin jikinta. MIB ya fi shi saurin fita, amma shi ma akan sami mai yawa a ciki. Sa'ad da ta tsufa ta fara fashewa, sai abin da ta tara ya zube cikin ruwa. Shi ya sa wari kan fi tsanani bayan kore ya fara ɓacewa, har mutane su yi mamaki, su ce ga ruwa ya gyaru amma wari ya ƙaru.

A nan babban kuskure yake. In an ga kore an ji wari, abin da kan fara zuwa zuciya shi ne a zuba magani a kashe ta. Akwai wani shuɗin gishiri na jan ƙarfe, kofa-salfet, wanda aka daɗe ana amfani da shi don haka. Yana kashe ta kuwa, amma kisan fasa ta ne, duk abin da ke cikinta sai ya fita gaba ɗaya. A 1979, a tsibirin Palm na ƙasar Ostireliya, mutane sun yi kuka da wari da ɗanɗanon ruwan dam ɗinsu, aka zuba wannan magani. Cikin 'yan kwanaki yara fiye da 100 suka kwanta asibiti da ciwon hanta da amai. Bincike daga baya ya nuna akwai wani irin shuɗiyar gansakuka mai dafi cikin dam ɗin.

WARI DABAM, DAFI DABAM

Lalle ne a rarrabe abu biyu. Jiyosmin da MIB, a gwargwadon da ake samunsu cikin ruwan sha, ba su cutar da mutum. Ɓata ɗanɗano kaɗai suke yi. Amma wasu irin shuɗiyar gansakuka suna yin dafi, wani mai kama hanta, wani mai kama jijiya, dafin kuwa ba shi da wari. Ana samun mai wari ba dafi, ana samun mai dafi ba wari, ana kuma samun mai duka biyu. Saboda haka wari gargaɗi ne cewa dangin nan sun yi yawa cikin ruwa, ya kamata a duba. Rashin wari kuma ba shaidar lafiya ba ce in ga kore nan kwance.

Dabbobi su suka fi shiga hatsari, gama daga gefe suke sha, inda iska ta tara kore. Tun 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta labarin tumaki da dawaki da karnuka da suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 2020 kuma gwamnatin Botswana ta ba da sanarwa cewa dafin nan ne ya kashe giwaye fiye da 300 a ƙasarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dafin hanta da ake kira maikirosistin a kan maikirogiram 1 cikin lita, ga ruwan da ake sha kullum. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma rage wari, amma ba ta karya wannan dafi.

Kifi kuwa yakan zuƙi kayan wari ta matsatstsakunsa na numfashi cikin 'yan sa'o'i, ya ajiye cikin kitse. Fitarsa tana da wuya, sai an sa kifin da rai cikin ruwa mai tsabta kwanaki, ba a ba shi abinci. Abu mai tsami, kamar lemun tsami, yana karya jiyosmin, don haka masu dafuwa kan wanke kifi da shi.

ABIN DA GIDAN RUWA KE IYA YI

Aikin da aka saba yi a gidan ruwa shi ne a sa alif datti ya kwanta, a tace da rairayi, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan aiki yana iya kwashe ƙwayoyin gansakuka in suna da rai ba su fashe ba, warin ya tafi tare da su. Amma in ya riga ya narke cikin ruwa, alif ba ya kama shi, kulorin ma ba ya ƙone shi. In aka sa kulorin tun kafin tacewa ma, fasa ƙwayoyin zai yi, abin ya ƙara ɓaci. Maganin wanda ya narke shi ne garin wani gawayi na musamman da aka gasa ya yi 'yan ramuka ba iyaka, ko iskar ozon, ko matatar rairayi mai tafiya a hankali, wadda wasu bakteriya masu amfani ke zaune a cikinta suna cinye warin. Gawayin murhu bai kai wancan aiki ba. Wani lokaci kuma sauya zurfin da ake jawo ruwa kaɗai ya isa.

Duk waɗannan suna bukatar shiri da kuɗi, ba a yin su rana ɗaya. In labari ya iso wa ma'aikatan ruwa tun gansakuka tana ƙuruciya, aikinsu da sauƙi. In sai da ta ruɓe aka faɗa musu, an makara. Hakimi da mutanensa su ne ke kusa da ruwa kullum, su za su fara gani.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. Malamin hakimi ya buɗe littafi don kowane tafki ko dam da jama'a ke sha. Sau ɗaya a mako, tun daga kaka har faɗuwar damina, a rubuta kwanan wata, da inda ruwa ya tsaya, da launinsa, da ko akwai rana, ko hazo, ko iska. Da sassafe za a duba, a kuma zaga gefen da iska ke turawa.

2. A auna washewar ruwa. A sami farin faranti mai faɗin santimita 20 zuwa 30, a ɗaura masa igiya da ɗan dutse a ƙasa, a sauke shi daga kwalekwale har ya ɓace wa ido, a auna igiyar a rubuta. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya fara wannan awo a 1865. Hasken da ya isa gansakuka ta girma yakan kai kamar ninki biyu zuwa uku na wannan zurfi. In lissafi ya nuna haske ya fara kai wa ƙasan ruwa, a sa ido ko da sama garau take.

3. In an ga kore, a gwada da sanda. In ya ɗago kamar zare, mai yiwuwa gansakukar tsiro ce. In ya shafi sanda kamar fenti, a ɗebo cikin kwalba mai haske, a ajiye a wuri mai sanyi ya kwana. Wanda ya taso sama ya taru, alama ce ta shuɗiyar gansakuka. Mai ɗiba ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.

4. A gwada wari. A zuba ruwa rabin kwalba mai tsabta, a rufe, a ɗan ɗumama, a girgiza, a buɗe a sansana. Mutum biyu ko uku su yi, gama hanci ya bambanta, kuma hanci kan gaji da wuri.

5. Da an ji wari ko an ga alama, a rubuta wa ma'aikatan ruwa da malamin tsabta na ƙaramar hukuma, tare da abin da ke cikin littafi. In an nemi ruwan gwaji, a ɗebo na sama da na zurfi, kowane da kwalbarsa, a cika a rufe, a tsare shi daga rana, a aika ran nan.

6. Kada a yarda kowa ya zuba magani ko wani sinadari cikin ruwan jama'a, ko da niyyar gyara ce, sai ma'aikatan da abin ya shafa.

7. A sanar da arɗo da sarkin ruwa. Inda kore ya taru kamar fenti, kada a shayar da dabbobi, kada yara su yi wanka. In dabba ta mutu bayan ta sha, a kira malamin dabbobi, kada a ci namanta.

8. A rage takin da ke shiga ruwa. A ware mashayar dabbobi a ƙasa da inda ake ɗiban na sha. A hana bayan gida da zubar da shara da wanki a bakin dam. A nisanta mahauta. Manoman rani su bar ɗan fili tsakanin gona da ruwa, a dasa jema ko wata ciyawa mai riƙe ƙasa, kada kuma a watsa takin zamani dab da gaɓa. Amfanin wannan ba ya bayyana shekara ɗaya, don fosfaras kan daɗe cikin lakar ƙasan ruwa, amma shi ne maganin da ke kai wa ga saiwa.

9. A faɗa wa jama'a gaskiyar abin, ta bakin dagatai da masu unguwa. Ruwan famfo da aka tace aka sa wa kulorin, ko da yana warin ƙasa, ya fi na kududdufi lafiya nesa ba kusa ba, sai fa in hukuma ta ba da sanarwar a daina sha. In an bar shi ya huce cikin randa warin yakan ragu a hanci, gama ɗumi ke tayar da shi.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai da sarakunan ruwa kafin sanyi ya fita, a kuma buɗe littafin ruwa tun bana. Littafin shekara biyu ko uku zai nuna watan da wari kan zo a kowane tafki, da zurfin da ruwa ke kaiwa kafin ya zo. Da wannan za a iya sanar da ma'aikatan ruwa tun da sauran lokaci, a kuma gaya wa mutane abin da ke tafe kafin jita-jita ta riga gaskiya shiga gari.